Farin Kwali

Shekara goma sha tara ina durƙushe
gefen kyamara ta biyu, a wani bene na Manhattan,
kwali a ƙirjina, rubutu baƙi ɓaro-ɓaro.
Garrett Lomax ya saci kallo, ya karanta,
ƙasa ta kwashe da dariya daga kan gado:
kai, mutumin nan akwai baki!

Bakin ba nasa ba ne. Ba kuma nawa ba.
Na mutum goma sha huɗu ne a hawa na bakwai,
ɗaki mai warin kofin da ya huce,
inda ake nika labaran yini tun hantsi
har a tace barkwanci ashirin kafin magariba.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ran Talata suka ajiye alƙalami.
Ba hayaniya. Odessa Whitlock ta ɗauke tukunyar furenta,
Tobias ya bar rabin zance a kan allo,
gaɓar da ke ba da dariya ya tafi da ita a aljihu.

Mako ɗaya Garrett ya gwada shi kaɗai.
Ya gyara wuyan riga, ya juya kofi,
ya tambayi mai ganga lafiyar karensa.
Sau uku idonsa ya zo gare ni bisa sabo,
ni kuwa farin kwali nake riƙe, fari fat.
Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.
Na ji tausayinsa. Ba mugu ba ne,
ya biya mana albashin wata guda daga aljihunsa
kafin a kashe fitilu.

Yanzu sha ɗaya da rabi na dare
tsohon shiri ake maimaitawa.
Ga mu a Yuli, kwalta tana narkewa,
shi yana tsokanar ƙanƙarar Janairu.
Ministoci sun faɗi, attajiri ya yi abin kunya,
babu mai yi musu dariya a madadinmu.
Labari ya shigo ɗanye, mu kwana da shi ɗanye.

Mai gangar yana tuƙa tasi a Bronx.
Marisol mai kwalliya tana gyaran gashin amare.
Tsoho Pasquale da ke sayar mana da burodi da nama
ya ce yanka arba'in yake yi a da,
yau tara, biyu bashi.

Mahaifiyata a gidan tsofaffi na Queens
ita kaɗai yajin bai taɓa ba.
Mantuwa ta share mata jiya,
kowane tsohon barkwanci sabo ne fil.
Ta yi dariya har da tari, ta damƙi hannuna:
Lenny, kai ka rubuta wannan?
Na ce, ni na riƙe, Mama.

Jiya na bi ta titi na hamsin da uku.
Suna zagaye a bakin ƙofa, kwana sittin da ɗaya,
takalma sun cinye, murya ta dishe,
suna neman hakkin gumi,
da alkawarin inji ba zai gaji kujerarsu ba.
Allunan hannunsu suka tsayar da ni:
zance mai kaifi, rubutu kamar tafiyar kaza.
Direban bas ya rage gudu, ya kanne ido, ya kasa karantawa.

Na koma gida, na kwaso kwalayen da suka rage,
ɗari biyu, da alƙalamina mai kaurin baki.
Na durƙusa a gefen titi kamar kullum.
Odessa ta sunkuyo, ta faɗa, na rubuta.
Da bas na gaba ya zo
wata mata a taga ta karanta,
ta kifa kai a gilashi tana dariya,
da rana tsaka, ba kyamara ko ɗaya.